Kalmomin Baba Ƙusa

Ranar Litinin da hantsi Dakta ya leƙo shagon kafintocin jami'a, abin da bai saba yi ba. Ya tarar da Baba Ƙusa ya kifar da wata kujerar aji yana ɗaure mata ƙafa. Ko sallamar kirki Dakta bai ƙarasa ba don murna.

"Baba, albishirinka. Mun samo maka 'yar'uwa."

"'Yar'uwa kuma, Dakta?"

"Mai jin yarenku. Wata tsohuwa ce, mahaifiyar wata nas a asibitinmu. Ɗalibata ce ta ji tana yi wa jikarta faɗa, ta gane kalmomi biyu daga cikin naka. Ranar Alhamis ƙarfe goma za mu zaunar da ku a ɗakin ɗaukar murya ku yi hirar awa guda. Shi kaɗai ya rage mana kafin ƙamus ya tafi maɗaba'a."

Baba Ƙusa ya ce, "Masha Allah." Ƙusoshi biyu ne a bakinsa, don haka ba wanda zai ce muryarsa ta gaza. Sai da ƙarar takalmin Dakta ta ɓace sannan ya tofar da su a tafin hannu, ya lalubi benci ya zauna. Shekara goma sha ɗaya yana zama a gaban ɗaliban kimiyyar harshe suna rubuta yaren mahaifiyarsa daga bakinsa, kuma wani kaso mai yawa na yaren nan mahaifiyarsa ba ta taɓa jin sa ba. Shi ya ƙera shi.

Kada a ɗauka mutumin banza ne. Shekara ashirin da bakwai yana aikin katako a jami'ar nan, kuma ba a taɓa kama shi da ko guntun falanki a ƙarƙashin riga ba, a wurin da wasu ke fita da ƙofa sukutum. Ɗalibai su karya kujera, shi ya gyara. Su zauna uku a kan tebur ya tsage, shi ya gyara. Ba ya magana in yana aiki saboda ƙusoshin da yake riƙewa a leɓe, daga nan sunan ya samo asali.

A wani ƙauye mai nisa aka haife shi, cikin mutanen da yarensu bai wuce garuruwa huɗu ko biyar ba. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta rasu. Wani kawunsa ya kawo shi birni ya damƙa shi ga mai koyar da sassaƙa, ya juya, ba a sake ganinsa ba. Daga ranar bai ƙara samun wanda zai yi yaren da shi ba. Hausa ta zama ta cin abinci, ta ciniki, ta neman aure, har ta mafarki. Abin da ya rage masa na yaren bai fi abin da yaro ke ɗauka ba: ruwa, wuta, zo nan, bari, ƙidaya zuwa goma, sai zagi kala uku.

Zagin ne ma ya jawo masa. Wata rana yana gyaran allo a wani aji guduma ta sauka a kan babban yatsansa, ya saki ɗaya daga cikin ukun. Dakta, wanda a lokacin ƙaramin malami ne mai jaka ɗaya da riga biyu, yana bayansa yana jiran aji. Ya tambaye shi wane yare ne wannan. Da ya ji sunan, sai ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya ce ai ba wanda ya taɓa rubuta komai a kansa.

A sashen nasu akwai kwasa-kwasai iri-iri, na furuci, na tsarin sauti, na ginin kalma, na ginin jimla, na ma'ana. Amma akwai guda ɗaya na 'yan shekarar ƙarshe da ba a yin sa da littafi. Sai a samo mutum mai yaren da ba wanda ya iya a ajin, har shi malamin, a zaunar da shi a gaba, ɗalibai su yi ta tambayarsa zango guda suna rubutawa, har su gano yadda yaren yake da kansu. Aka kira Baba Ƙusa. Aka ce ya zauna a kujera mai hannu, kujerar da shi ya haɗa ta shekaru shida kafin nan bai taɓa ɗora mazaunansa a kai ba.

Makonni huɗu na farko lafiya lau. Kai, ido, hanci, rana, wata, kare. Yana faɗa suna rubutawa, su maimaita ya gyara musu, a yi dariya. Mutanen da kullum suke tsallake shi a baranda kamar buhun siminti, ga su sun zuba masa ido, alƙaluma a sama. Ya ji daɗin abin, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin a saurare shi.

A mako na biyar wata ɗaliba mai gilashi ta nuna gwiwar hannunta ta ce, "Baba, wannan fa?"

Ya duba cikin kansa, babu. Wayam. Na'urar ɗaukar murya na kan tebur da jar fitilarta, ɗalibai ashirin da wani abu sun yi tsit. Da ya ce ya manta, da shi ke nan. Amma ya ga kamar in ya faɗi haka za a ce to tashi, a nemo wani. Ya buɗe baki, wani abu ya fito mai kama da maganar mahaifiyarsa, da irin hawa da saukar muryarta. Alƙaluma suka sauka gaba ɗaya. Dakta ya ce ya maimaita sau uku, ya rubuta a allo, ya ja masa layi.

To ga inda masu ilimi suka yi nasu sakarcin. Doka ta farko da Dakta ke karanta wa ɗalibai ranar buɗe aji ita ce, mai yare ba ya kuskure. In abin da ya faɗa bai zauna daidai da lissafinka ba, lissafinka ne ya karkace. Kada ka yi masa gardama, kada ka sa masa magana a baki. Doka ce mai kyau, an yi ta ne don kada ɗan boko ya raina tsoho. Sai dai ba wanda ya tsaya ya tambayi tsohon yana ɗan shekara nawa ya bar gida.

Dabara ɗaya suke da ita ta gwaji: bayan makonni sai su sake tambayar kalmar da suka riga suka rubuta. Sau biyu Baba Ƙusa ya kusa faɗawa rami. Daga nan ya samo wani dogon falanki, duk kalmar da ya ƙera a aji, yana dawowa shago sai ya rubuta ta da fensirin awo, da Hausarta a gefe, cikin rubutunsa na yaƙi da jahilci. Ya jingina falankin a bayan kabad, fuskarsa na kallon bango. Kafin kowane aji sai ya jawo shi ya yi bita. Yanzu falankai uku ne. Ɗalibai kuwa sun daɗe da sa masa Farfesa, wasu har sun zama malamai a wasu jami'o'in suna kawo misali da kalmominsa.

Ranar Talata bayan la'asar ya kasa cin abinci. Matarsa ta dube shi, ta dubi kwanon.

"Malam, ko dai cikin ne?"

Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ya zaci za ta yi salati. Sai ta ci gaba da ninke kayan wanki.

"Ai na sani."

"Kin sani?"

"Ni dai ban taɓa ganin wanda ke haddar yaren uwarsa duk ranar Laraba yana motsa baki kamar mai jarrabawa ba. Na yi shiru ne don ba ka tambaye ni ba."

"To yanzu ya zan yi?"

"Ka je ka gaya masa kafin tsohuwar ta gaya masa. In ka faɗa da bakinka kunya ɗaya ce. In an kama ka, ba ka ƙara ɗaga ido a makarantar nan."

"Ko na ce ba ni da lafiya?"

"Sai ka yi ta ciwo har tsohuwar ta mutu? Irin waɗannan sai sun binne ka."

Ranar Laraba ya sa rigarsa ta zuwa aji ya hau bene zuwa ofishin Dakta, yana tsara maganar a zuci tun daga matakalar farko. Bai samu ya fara ba. Dakta ya jawo shi ta hannu ya buɗe wani babban ambulan, ya zaro bangon ƙamus ɗin. Ga hoton Baba Ƙusa a baya, zaune a kujera mai hannu. Ga sunansa na yanka a gaba, a layi ɗaya da na Dakta.

"Sun ce in sa ka a shafin godiya kawai, na ƙi," in ji Dakta. "Na ce musu ni rubutawa na yi, mai abu shi ne Baba. Da wannan littafin za a duba ni a ƙarin girma, amma wallahi ba shi ne ya fi yi mini daɗi ba. Yaren nan ba zai ɓace ba, ko bayan ranmu."

Baba Ƙusa ya riƙe bangon da hannu biyu. Mutumin nan shi ya kai shi asibiti da motarsa lokacin da zarto ya yanke shi. Shi ya tsaya har 'yarsa ta biyu ta samu gurbin karatu. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri." Ya sauko benen yana jin ƙyamar kansa.

Ɗakin ɗaukar muryar ƙarami ne, ba taga, an manne bangonsa da soso mai ƙulu-ƙulu. Baba Ƙusa ne ya manna shi da hannunsa. In aka rufe ƙofa mutum har bugun zuciyarsa yake ji. Ranar Alhamis ya tarar an riga an kawo tsohuwar, 'yar ƙarama, baƙa, da mayafi ruwan toka da carbi a wuyan hannu. Dakta na gefe da abin saurare a kunne, ɗalibai uku sun jeru a jikin bango da littattafansu.

Tana ganinsa ta miƙe tsaye, ta gaishe shi da yaren.

Shekara hamsin da wani abu rabonsa da jin wannan sautin daga bakin wani. Ya amsa gaisuwar daidai, don gaisuwa tana cikin abin da ya taho da shi. Fuskar tsohuwar ta washe. Ta kama hannunsa ta riƙe, ta shiga zubo magana kamar an buɗe famfo, tana dariya, tana share ido da gefen mayafi. Yana tsintar kalma ɗaya a cikin biyar. Ruwa. Gida. Mutu. Yana gyaɗa kai, yana sa "to" a inda ya ga ta ja numfashi.

Ta yi tambaya ta tsaya tana jira. Bai san me ta tambaya ba. Ya haɗa wata jimla daga abin da yake da shi ya miƙa mata. Ta ɗan karkata kai ta dube shi.

Dakta ya ce, "Bari mu sauƙaƙa. Ga hotuna. Kowa ya faɗi sunan abin da ya gani, Baba ya fara."

Hoton farko kare ne, bakinsu ya zo ɗaya. Na biyu wuta, haka. Na uku tsani. Baba Ƙusa ya san wannan kalmar sarai, tana falanki na biyu, wajen tsakiya, kusa da wani ƙulli na katakon. Ya faɗe ta.

Tsohuwar ta juya Hausa. "Me ka ce, ɗan nan?"

Ya maimaita. Ta girgiza kai ta faɗi tata, wadda ko kusa ba su yi kama ba. Na huɗu gizo-gizo, suka saba. Na biyar inuwa, suka saba. Na shida, na bakwai. Baba Ƙusa ya kafa ido a kan teburin yana jiran abin da zai faɗo masa.

Sai ya ji Dakta yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kun ga abin da nake gaya muku?" Dakta ya juya ga ɗalibansa, idonsa na ƙyalli. "Karin harshe biyu ne. Garinsu daban, garinta daban. Ƙananan kalmomi sun haɗu, sauran sun rabu. Wannan ai babi ne guda."

Ɗalibai suka duƙa suna rubutu. Baba Ƙusa ya ji numfashinsa ya dawo. Ikon Allah, ga ƙofa an buɗe masa, kuma ba shi ya buɗe ba. Abin da ya rage kawai ya yi shiru.

"Wane gari?" in ji tsohuwar. Ta ambaci sunan ƙauyensu, ta ce shi ma ai can ya ce mata, ko ba haka ba? A cikin gaisuwa Baba Ƙusa ya faɗa mata garinsu, ya manta ya faɗa. "Gari ɗaya ne. Rijiya ɗaya muke sha. Ba mu da magana biyu."

Dakta ya juyo gare ta. Ya tambaye ta cikin ladabi, "Gwaggo, shekara nawa rabonki da garin?"

"Tun da aka kawo ni gidan miji. Ya fi hamsin."

"Da wa kike yin yaren a nan?"

"Da wa kuwa? Maigidan ya rasu. Yaran ba su ɗauka ba. Sai dai in yi da kaina."

Dakta ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar likita. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya raɗa wa na kusa da shi, a ɗakin da ba a iya raɗa a cikinsa, "Ta manta ne. Tsufa." Wato dokar tasu ta tashi aiki, kuma tunda masu yare biyu ba za su yi gaskiya tare ba, sai ta zaɓi wanda ya shekara goma sha ɗaya a littattafansu.

Tsohuwar ta ji. Ta dubi hoton tsanin da ke gabanta, ta motsa baki tana gwada kalmarta, ta sake gwadawa. Ta dubi Baba Ƙusa, mutumin da aka ce mata jami'a guda ke koyo a wurinsa, har ana ce masa Farfesa.

"Ko ni ce?" Muryarta ta yi ƙasa. "Kullum in na idar da salla sai na yi ta kiran sunayen abubuwa don kada su gudu. Ashe sun gudu ban sani ba." Ta juyo gare shi sosai. "Sake faɗa mini naka, ɗan nan. A hankali, in riƙe."

Ta buɗe baki tana jira ta maimaita bayansa.

Abin da ya kasa ɗauka ke nan. Ɗalibai ɗari biyu sun maimaita ƙaryarsa bai hana shi barci ba, don su ba abin da aka ƙwace musu. Wannan kuwa abu ɗaya ta mallaka, ta yi shekara hamsin tana gadinsa ita kaɗai, ga shi za ta ajiye ta ɗauki nasa.

"Gwaggo, kada ki maimaita," ya ce. "Naki ne daidai. Ba ki manta komai ba."

"Baba," in ji Dakta, "ba a cewa wani ne daidai, ai na sha gaya..."

"Dakta, ni na ƙirƙira. Babu wannan kalmar. Da ta gizo-gizo, da ta inuwa, duk ni ne. Ina ɗan shekara tara na bar gida. Abin da na sani ya ƙare tun zangon farko."

Hannun Dakta ya tafi kan na'urar kamar zai kashe, ya tsaya a can bai danna ba. Jar fitilar na nan a kunne. Ya zare abin sauraren daga kunnensa ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Guda nawa?"

"Na rubuta su a falanki, suna shago. Amma na shekarar farko da ta biyu ban rubuta duka ba. Waɗannan ni kaina yanzu ban san wanne ne na mahaifiyata wanne ne nawa ba."

"Jiya ka zo ofishina."

"Na zo."

"Ka riƙe bangon littafin a hannunka."

"Na riƙe."

Dakta bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce wa ɗaliban su rufe littattafansu, ya ce wa ɗaya ta sauka ta kira maɗaba'a ta ce a dakata. Ga Baba Ƙusa kuwa, ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Je ka kawo falankan."

Ya ratsa harabar jami'a da falankai uku a kafaɗa, ba wanda ya waiwaya, kafinta ne ɗauke da katako. Aka jingina su a jikin soson bango. Dakta ya buɗe daftarin ƙamus ya ɗauki jan biro. Baba Ƙusa ya karanta kalma daga falanki, Dakta ya nemo ta ya soke, tsohuwar ta faɗi ta gaskiya a rubuta a gefe. Haka suka yi ta yi. Da aka kira azahar ba su gama rabin falanki ɗaya ba. Dakta ya rufe daftarin ya ce wa tsohuwar, "Gwaggo, gobe ƙarfe goma, in Allah ya kai mu." Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Baba Ƙusa ya tsaya tattara falankan. Tsohuwar ba ta tashi ba, tana jiran 'yarta ta zo ɗaukarta. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta yi masa magana da yaren, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Wannan karon ya gane duka. Tambayarsa take wace ce mahaifiyarsa, kuma a ina aka binne ta.

Ya nemi abin da zai amsa da shi. Yana da kalmar kabari, yana da ta bishiyar kuka, yana da ta bayan gari, dukkansu a shirye a kan harshensa, kuma dukkansu nasa ne. Ya haɗiye su. Ya durƙusa a gabanta ya ba ta amsa da Hausa.